Baba na da raunin zuciya: likita ya ce ya riƙa tafiya, gida sun ce ya kwanta

'Yar Baba, Yamai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan mahaifinmu, shekararsa 63. An kwantar da shi asibiti saboda ƙafafu sun kumbura, ba ya iya barci sai a zaune. Eko (hoton zuciya) ta nuna zuciyar ta yi rauni, an rubuta 30% a takarda, aka ce tansiyo (hawan jini) ne ya jawo. Yau wata guda da sallamo shi, kumburin ya saɓe, yana shan Lasilix (maganin fitar da ruwa ta fitsari), bisoprolol, enalapril da spironolactone. Likitansa ya ce ya riƙa motsa jiki. Inna da yayyena kuwa sun ce zuciyar da ta gaji ba a ƙara mata aiki, ko masallacin ƙofar gida an hana shi. Wa ke da gaskiya? In tafiyar ce, minti nawa, kuma yaushe da wannan zafi?

Likitan zuciya: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Inna ba ta faɗi abin banza ba, a da likitoci ma kwanciya suke sa irin wannan majinyaci. An bar wannan ra'ayi ne da aka gano cewa gajiyar ba daga zuciya kaɗai take ba. Ma'anar 30% ita ce a kowane bugu, kashi 30 cikin 100 na jinin da ya cika ɗakin hagu na zuciya ne ke fita. Mai lafiya yana wuce 50. Jini kaɗan ke isa cinya da sharaɓa, in aka haɗa da kwanciya sai naman ya zube, ya rage iya amfani da iskar da jini ya kawo masa. Daga nan taku goma ma sai haki, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin. Tafiya a kai a kai tana gyara naman, tana sassauta jijiyoyin jini, aikin da ke kan zuciyar ya ragu.

An gwada wannan a babban bincike mai suna HF-ACTION da ya fito a 2009, a kan mutum 2,331 waɗanda ma'auninsu bai wuce 35% ba. Motsa jikin bai ƙara musu haɗari ba, sun fi jin daɗin jikinsu, komawa asibiti ma ta ɗan ragu. Na ce ta ɗan ragu: tafiya ba ta maye gurbin ƙwaya ko ɗaya.

Sharaɗin shi ne jiki ya daidaita: makonni uku zuwa huɗu ba ƙarin kumburi, ba haki a zaune, yana kwana a kan matashinsa na kullum. Masu karatu su lura, wannan ba na kowa ba ne. Mai matsanancin tsukewar ƙofar zuciya, mai kumburin naman zuciya sabo, mai jegon da zuciyarta ta raunana kwanan nan, da wanda bugunsa ke rikicewa ba a shawo kansa ba, kada su fara sai likitansu ya duba ya yarda. Baba kam likitansa ya riga ya yarda.

Kine (mai gashi da motsa jiki na asibiti): Hajiya, ga yadda ake farawa. Makon farko minti 5 ne, sau biyu a rana, a tsakar gida inda ƙasa take daidai, da kujera a kusa. Duk bayan kwana biyu ko uku a ƙara minti 1 ko 2. Idan ya kai minti 15 a jere ba matsala, sai a fita waje. Inda aka nufa shi ne minti 30, kwana biyar a mako, kuma kaiwa can yakan ci wata biyu ko fiye. Lokaci ake fara ƙarawa, sauri daga baya. Masu gaggawa nan suke ɓata abin: mutum ya ji daɗin jikinsa ran Litinin ya yi minti 40, ya kwana biyu bai tashi ba, gida su ce ai mun faɗa.

Kada ku ƙirga bugun zuciya da lissafin nan na iyakar bugu, wato cire shekarun mutum daga 220. Bisoprolol yana danne bugun, in ya ce sai ya kai adadin zai wahalar da kansa a banza. Ku auna da magana. Mai rakiya ya riƙa gaishe shi suna tafe: in yana amsa ina kwana, ina gajiya, yaya iyali har ƙarshe, numfashi ya ɗan ɗaga amma maganar ba ta yanke ba, daidai ke nan. In sai kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, a rage.

Minti 3 zuwa 5 na farko a hankali, na ƙarshe ma haka. Kada ya tsaya cak ko ya zube a tabarma daga tafiya, jini zai taru a ƙafafu, tansiyo ya faɗi, jiri ya kwashe shi. Ku guji lungunan yashi, tafiya cikin rairayi ta fi wuya nesa ba kusa ba. Ku nemi daɓe ko kwalta, in kuna da abin hawa harabar filin wasa na Seyni Kountché a miƙe take.

Bayan mako uku ko huɗu a haɗa da ƙarfafa nama, sau biyu zuwa uku a mako. Ya tashi daga kujera ya zauna sau 5, a hankali a kai 10. Ya dafa bango ya ɗaga dugadugai sau 10. Hannu kuma gorar ruwa ta rabin lita ta isa, rabin kilo ke nan. Doka ɗaya: ba a riƙe numfashi, a fitar da shi lokacin yunƙuri. Riƙewa yana sa tansiyo ya yi tsalle sannan ya faɗi. Saboda haka ɗaukar buhu, jido ko tura mota babu su.

Majo (babban ma'aikacin jinya): Ni sikeli zan ƙara. Ku saya ku ajiye a ɗakinsa. Kowace safiya, bayan fitsari kafin karin kumallo, da kaya iri ɗaya, ya hau a rubuta a littafi. Ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ba ƙiba ba ce, ruwa ne ke taruwa, kuma sikeli kan riga ido ganinsa. Ranar ba tafiya, a kira likita, kada a jira randebu. Haka in ya ƙara matashi da dare, ko ya farka yana neman iska, ko masassara ko zawo suka kama shi. In ana cikin tafiya ya ji ƙirji ya ɗaure, jiri, gumi mai sanyi ko bugu ya birkice, ya zauna nan take. Bai lafa cikin 'yan mintuna ba, ko ya suma, asibiti kai tsaye.

Batun zafi: a Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40, to daga bayan asuba zuwa ƙarfe 7 da rabi ne lokacinsa. Da hunturu akasin haka, a bari rana ta ɗan fito, ranar ƙura kuma a yi ta cikin ɗaki. Bayan cin tuwo a jira aƙalla awa ɗaya, ciki ma jini yake ja.

Mai famasi: Lasilix yana fara aiki cikin awa guda, ya ɗauki kamar awa shida. Ya yi tafiyar asuba ya dawo sannan ya sha, in ba haka ba fitsari zai matse shi a hanya. Ƙafafu za su yi tsami a farko, kuma na san abin da za a miƙa masa: diclofenac ko ibuprofen. Kada ya sha. Suna riƙe gishiri da ruwa, kuma haɗe da enalapril da Lasilix suna iya taɓa ƙoda. Paracetamol na haɗiya ya isa, ban da mai narkewa a ruwa yana kumfa, akwai gishiri a cikinsa. In an rage gishirin miya amma dunƙule, kanwa da kilishi suna nan, aikin baya ne. Gishirin da ake tallatawa na masu tansiyo kuma yawanci na potasiyom ne, bai dace da mai shan spironolactone ba. Tunda zai yi gumi, ya ƙara shan ruwa sosai.

Likitan zuciya: Ɗan uwa mai famasi, duk na yarda ban da ta ƙarshe. Wasu an ƙayyade musu lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wasu ba a ƙayyade ba. Gaskiya ne zafin bazara da Lasilix na iya busar da mutum, alamarsa kilo na sauka, baki ya bushe, jiri in ya miƙe. Amma gyaran sau da yawa rage Lasilix ne, kuma likitansa ne zai yanke. Ƙanwata, ki tambaye shi adadin ruwan a rubuce.

'Yar Baba, Yamai: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura masallaci, shi ne abin da ya fi damun Baba. Bai fi mita 150 ba.

Kine: Zuwa da dawowa mita 300, wajen minti 5 zuwa 8 a tafiyarsa, kuma da hutu a tsakani. Tunda kusa ne, idan ya kai minti 10 a tsakar gida lafiya, ya fara da asuba, magariba da isha'i, tare da ɗan rakiya. Azahar da la'asar ya yi su gida har zafi ya karye. Tashi daga sujada ko zaman tahiya ne wurin jiri, saboda magungunan nan suna sauke tansiyo. Ya ɗago a hankali, ya tsaya a gefen sahu kusa da bango, a aje masa kujera don ranar da kai ke juyawa. Ku tafi da littafin kilo da mintunan tafiya ranar randebu, kuma ku tafi da Inna ta ji daga bakin likitan.