Hirar bincike ta farko: yaya taku ta kasance?

Mai tambaya: 'Yan'uwa, mako mai zuwa zan fara hirarrakin bincikena kan rayuwar masu jinyar iyayensu a gida. A aji mun sha bayani, amma gani ya kori ji. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku ba ni labari.

Ɗalibar digiri na biyu: Da na saurari abin da na naɗa a hirata ta farko, muryata ta fi ta matar yawa. Da ta yi shiru sai in jefa mata wata tambaya, tsoron shirun nake. Malamata ta ce in riƙa ƙirga biyar a zuci kafin in buɗe baki. A hira ta uku, bayan irin wannan shirun ne matar ta ja numfashi ta ce, "Gaskiyar magana dai..." Abin da ya biyo baya shi ya zama ƙashin bayan aikina. Kuma kada ka ce "Abin ya yi miki wuya, ko?" Ka riga ka sa mata amsa a baki. Ce mata, "Ba ni labarin ranar."

Malamin jami'a: Rubuta hirar ne ya ba ni wuya. Hirar awa ɗaya takan ci mini awa biyar. Duk da haka kada ka ba wani ya yi maka duka. Cikin matakai shida da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006 don zaƙulo jigogi daga bayanan bincike, na farko shi ne ka san bayananka ciki da bai. NVivo, manhajar kwamfuta ta tsara bayanan bincike, za ta jera maka su, ba za ta yi maka tunani ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wata ta fashe mini da kuka ana tsakiyar hira. Na kashe rikoda, na tuna mata tana da ikon dainawa. Ita ta ce mu ci gaba. Batunka mai taɓa zuciya ne, ɗan'uwa, ka shirya wa wannan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To mutum nawa zan yi hira da su?

Malamin jami'a: Tun 1967 masana Glaser da Strauss suka kawo batun ƙoshi: ka tsaya idan sabuwar hira ta daina kawo sabon abu. Ni a ta 17 na fara jin maimaici, na ƙara uku don in tabbatar.