Me za mu kira wannan shafar wayar da ba ta ƙarewa?

Jiya da dare a fadarmu ta Birni mu bakwai ne zaune, shayi ya tafasa har ya ƙone a buta ba wanda ya lura, kowa kai a ƙasa babban yatsa na ta hawa da sauka. Shi ya sa na zo muku da tambaya yan uwa, abin nan da Turawa ke ce ma scrolling, mu da Hausa me za mu kira shi?

Wani abokina ya ce gungurawa. Ba laifi, amma ita motsin hannu kawai ta faɗa, ai wanda ke neman saƙon malaminsa ma gungurawa yake. Latse-latse kuma tun zamanin waya mai madannai ce, yanzu shafawa ake.

Ni dai gantalin yatsa na zaɓa. Don gantali shi ne fita ba aike ba wurin zuwa, ka bar Facebook ka faɗa TikTok ka dawo WhatsApp, mega ta jika guda ta ƙare, a ce me ka gani ba ka iya kawo abu biyu. Kuma fa da gangan aka gina shi ba iyaka, Aza Raskin da ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa a 2006 shi da bakinsa daga baya ya ce ya yi nadama. Har masu ƙamus ɗin Turanci na Oxford a 2024 kalmar da suka zaɓa ta shekara ma'anarta ruɓewar ƙwaƙwalwa, saboda irin wannan kallon.

Abin da ya fi burge ni da sunan, yana nuna maganin. Mai gantali aike ake ba shi. Yau sati uku kenan bayan isha'i nake barin wayar a zaure tana caji, in gari ya waye bayan asuba in taka da ƙafa har kasuwar Dole in dawo, hukumar lafiya ta duniya ma minti 150 na motsa jiki ta ce a samu a sati. Wallahi barcina ya dawo, faɗuwar gaban da nake tashi da ita ta ragu sosai. A fada kuma yau mun yi shawara kowa ya zuba wayarsa a kwano, a tona ramukan dara, sai an sha shayi na uku a ɗauka.

Mai wata kalmar ya kawo, musamman ku tambayo mana iyayenmu mata na Zango, su ke da bakin sa wa abu suna ya zauna.