Agogon aljihu na zinare a kayan gado: mu sayar wa 'yan zinare ko mu dakata?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikin kayan da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙansa, akwai agogon aljihu mai murfi da shi ma ya gada a wurin kakanmu. An rubuta Longines a fuskar. A cikin murfin baya akwai 0.750, da wani ɗan hatimi kamar kan mace, da lamba mai tsawo. Ba ya aiki. Yayanmu ya kai wa masu sayen zinare, sun ce za su cire injin su auna kwanon su biya kuɗin giram, wato narkarwa za a yi. Ni zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah masana, mene ne abin yi?

Amsar wani mai gyaran agogo:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya gafarta wa Baba. Kada ku bari a narkar tukuna. 0.750 na nufin karat 18, kashi uku cikin huɗu zinare ne. Kan macen nan hatimin gwamnatin Suwizalan ne, ana kiransa Helvetia, wanda a da ake bugawa a karat 18. Na karat 14 kuwa a lokacin kurege ake sa masa da 0.585. To kwanon na gaske ne, ba ruwan zinare ba. Amma ka duba murfi na biyu na ciki, wani lokaci tagulla ne aka wanke da zinare, za ka ga an rubuta metal ko cuivre.

Aikin gaske kuma yana cikin injin da suke son jefarwa. Ka sa madubin ƙara girma ka gani: ƙananan jajayen duwatsun nan yaƙutu ne, a kansu ƙafafun ƙarfe ke juyawa don kada su cinye, galibi 15 ko 17. Akwai wata waya mai naɗi, siririya kamar gashi, ita ke riƙe bugun agogon. Da hannu ake daidaita ta, kuma masu iya wannan sun yi ƙaranci ƙwarai. Ina roƙonka kada ka murɗa shi da ƙarfi don ya tashi, man ciki ya bushe shekara da shekaru. Kada kuma a goge shi da man goge ƙarfe, masu tara irin waɗannan sun fi son shi yadda yake, kuma fuskar in ta tangaran ce da ta tsage shi ke nan.

Amsar wata 'yar uwa mazauniya Landan:
Ƙanena, kamfanin Longines yana nan har yau a garin Saint-Imier na Suwizalan, kuma suna da kundin lambobin agogunansu tun 1867. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin injin, da ta kwanon, ka tura musu, sukan faɗi shekarar da aka ƙera shi da inda aka fara kai shi. Sai dai kada ku sa rai da yawa. Mutane na jin labarin agogon kamfanin Patek Philippe da aka yi wa wani attajirin Amurka, Henry Graves, a 1933, wanda aka yi gwanjonsa a Janeba a 2014 kan kusan dala miliyan 24, su ɗauka kowane haka yake. Wancan guda ɗaya tak aka yi, yana aiki iri 24. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙaranci, da lafiyar agogon, da ƙarin aiki kamar buga ƙararrawar lokaci. Da yawa kuɗinsu bai wuce na zinarensu da ɗan ƙari ba.

Amsar wani dattijo:
Yaro, wannan dukiyar magada ce, har da mata. Kada kowa ya yanke hukunci shi kaɗai. A yi masa ƙima wuri biyu ko uku, in kana so ka riƙe sai ka biya sauran rabonsu. Batun namiji ya yi amfani da zinare kuwa, ka tambayi malamai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe murfin ciki, shi ma 0.750 ne. Yaya ya yarda a dakata har amsar kamfanin ta zo. Malam mai gyara, in na turo hoton injin za ka iya gane ko an taɓa canza masa wani abu?