Ajin koyon girki a Italiya: wane gari ya fi?

Amaryar Bana: Salamu alaikum 'yan uwa. Maigida zai je taro Milan watan gobe, zan raka shi. Ina son ajin da zan sa hannuna in yi taliya da kaina. Wa ya taɓa shiga?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Hau jirgin ƙasa mai sauri ki tafi Bologna, kusan awa ɗaya ne daga Milan, kuma can ne gidan taliyar ƙwai. Ƙa'idarsu ƙwai ɗaya ga giram 100 na fulawa. Ki kwaɓa, ki rufe ya huta rabin awa, sannan ki murza da doguwar sanda har ya yi shara-shara, ki naɗe ki yanka tagliatelle, wato doguwar taliya mai faɗi kamar zirin ƙyalle. Hannun da ya san taliyar murji ba zai sha wuya ba. Amma ki tambaya ko kowa da nasa katakon, don wani ajin malama ce ke murzawa, ku kuna tsaye kuna ɗaukar hoto.

Hajiya Babba: 'Yata, kafin ki biya ko sisi ki rubuta wa malamar. Miyar ragù ta Bologna asalinta da naman alade ake soya ta, a zuba giya. Tortellini ma, wato ƙananan taliya da ake cusa wa nama a naɗe, cikinsa alade ne. Ki ce mata "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da giya. Ki roƙi tortelloni, babban ɗan'uwan tortellini, mai cukun ricotta da ganye, a ci da man shanu. In kin ji an ce strutto, kitsen alade ne, har a wasu burodinsu ana sa shi. Wannan ya dame ni ƙwarai, saboda ido ba ya ganinsa.

Baban Yara: Anti, in kuna da lokaci ku sauka Napoli. Pizza Margherita tumatir ce da cukun mozzarella da ganyen basilico, babu nama. Tanderun itacensu ya wuce digiri 400, minti ɗaya da rabi ta gasu.

Uwar Biyu: Yaya, tanderun nan fa ba ta da shi a gida. Taliya kuwa fulawa da ƙwai da tebur, shi ke nan, tana dawowa za ta ci gaba.

Amaryar Bana: Allah ya saka da alheri. Bologna za ni. Hajiya, in malamar ta ce miya ɗaya ake yi wa kowa fa?

Hajiya Babba: Sai ki nemi wata. Ki duba ajin masu cin ganye zalla, ko na mutum huɗu zuwa shida, su suka fi jin magana.