Don Allah a taimaka: dankalina yana nutsewa cikin nama

Assalamu alaikum 'yan uwa masu girki. Sau uku ke nan ina gwada wani abinci na Anglo-Indiya, wato zuriyar auratayyar Turawan Ingila da Indiyawa, irin waɗanda ke zaune a Kolkata da Chennai. Niƙaƙƙen naman rago ne, wanda suke kira kima, a soya shi da albasa, tafarnuwa, ɗanyar citta, kurkum, kirfa, kanumfari da garam masala (haɗin kayan ƙamshi na Indiya), sannan a rufe shi da dakakken dankalin turawa a gasa.

Ɗanɗanon kam ba a magana, maigida ma ya yaba. Amma da na sa a obin a zafin digiri 180, kafin minti 30 sai man ragon ya taso ta gefen kwanon yana tafarfasa, dankalin ya lume ciki, saman ya ƙi yin ja. In na yanka sai ya zube kamar fate.

Tumatir biyu kawai nake sawa, kuma ina zuba madara da bota a dankalin. Shin tsame kitsen zan yi bayan suya, ko barin naman zan yi ya huce kafin in rufe? Baƙi ne da ni ranar Asabar, ina so ya fito a yanke shi tsaf.