Komawa hawan allon iska a lokacin hunturu: abin da masana suka ce

Hawan allon iska wasa ne na tsayawa a kan allo mai filafili, iska tana tura shi a kan ruwa. Kan kaya masana suka fi daɗewa suna magana. Robar da ke haɗa sandar filafili da allo zafi yana busar da ita a ajiya. A lanƙwasa ta da hannu, in an ga tsagewa ko ƙanƙanuwa ce, a sauya. In ta tsinke a tsakiyar ruwa, filafili ya rabu da allo ke nan. Igiyoyi ma a duba. Wanda ya daɗe bai hau ba ya fara da ƙaramin filafili, murabba'in mita 4.5 zuwa 5, da rigar ceto, da rigar roba mai kaurin milimita 2 ko 3, don jiƙaƙƙen jiki a iskar Janairu nan da nan yake sandarewa.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka a Tafkin Lagdo da ke Kamaru a shiga ta gaɓar da iska ke turo mutum tudu, kuma a nisanci bakin madatsar. Ranar da hazo ya rufe gaɓa, a haƙura.

Masunta ne suka san inda dorina take kwana da inda aka shimfiɗa raga, musamman a Tafkin Maga, shi ma a Kamaru. A tambaye su tukuna. Ruwan gefe mai ciyayi da dodon koɗi yana sa tsargiya. In an faɗi, kada a saki allo.