"Personal data": bayanan sirri ne ko bayanan mutum?

Jama'a, kalma nake nema. Kamfanonin casar shinkafa kan ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma a wajajen Auyo da Kafin Hausa: a ba da iri da taki bashi, a biya da shanshera bayan girbi. Takardar da Turanci take zuwa, kuma a cikinta akan samu layin da ke cewa manomi ya yarda kamfani ya karɓi "personal data" ɗinsa, ya miƙa wa banki ko kamfanin inshora. Mu lauyoyin da ake kira ƙofar gidan mai unguwa mu karanta wa mutane kafin su dangwala yatsa, me za mu ce musu?

Data dai ta riga ta yi aure a Hausa. Ka ce wa manomi kamfani zai riƙe datarsa, zai ɗauka wadda yake saya wajen mai caji ce don kallon WhatsApp. An rufe wannan ƙofar.

A rediyo ana yawan cewa "bayanan sirri". Da shi nake rigima. Na karanta wa wani dattijo layin da wannan fassarar, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, lambar wayata ai ko direban a-kori-kura yana da ita, ina sirri a nan?" Gaskiyarsa. Sunansa ba sirri ba ne, hotonsa ba sirri ba ne, gonarsa kowa a gari ya san iyakarta. Amma duk doka ta tsare su. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ba ɓoyayyen abu kaɗai take nufi ba. Duk bayanin da za a iya gane mutum da shi ya shiga: suna, lambar waya, BVN, NIN, wurin da yake. Idan muka ce sirri, mun koya wa manomi cewa abin da ba ya ɓoyewa ba shi da haƙƙi a kansa.

Wani malamin makaranta daga Ringim ya kawo "bayanan kai". Malam, na so shi, gajere ne. Sai dai idan aka ce "bayanan kansa" a tsakiyar jimla, kunne kan ji kamar bayanin da mutum ya yi da bakinsa ne. Wata 'yar'uwa mai sana'ar POS ta ce a ce "bayanan shaida". Hajiya, wannan ya yi wa katin ɗan ƙasa daidai, amma tarihin bashin da mutum ya ci ba shaida ba ne, kuma shi ne ma abin da banki ya fi so.

Ni na tsaya a kan "bayanan mutum". Ba shi da ado, amma ba ya yin ƙarya.

Shi kuwa "bayanan sirri" kada a yar da shi, yana da wurin zama. Dokar ta ware wani rukuni da ta tsananta a kansa: lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa, da zanen yatsa ko fuskar da na'ura ke gane shi da su. To nan ma wani zai ce addinin Bahaushe ai ba a ɓoye yake ba, kuma ban musa ba. Amma a wajen ciwo da magani, sirri ya zauna daram. Sauran sai a ce "bayanan mutum masu tsauri".

Ga yadda nake karanta layin yanzu: "Ka yarda kamfani ya karɓi bayananka, wato sunanka da lambar wayarka da BVN da wurin gonarka, ya ba banki don maganar wannan bashin kaɗai." Sannan in ƙara musu abin da takardar ba ta cika faɗa ba: a dokar nan shiru ba yarda ba ce, kamfani ne zai kawo hujjar cewa an yarda, kuma mutum yana iya janye yardarsa daga baya. Idan bayanan suka tsere ta hanyar da za ta cutar da mutane, kamfani yana da awa 72 ya sanar da hukuma.

Saura "data controller", wato wanda ke yanke abin da za a yi da bayanan. "Mai sarrafawa" ba zai yi ba, don akwai "processor", wato wanda ke aiki da bayanan a madadin wancan, yana jiran wannan. Ni "mai iko da bayanai" nake cewa. Wa ke da wanda ya fi shi?